Kwikwiyon Mai Takaba

Ni dai tun ina yarinya ba na shiri da kare. In na hango shi a hanya sai in tattare zanina in ratse. To amma abin da ka ƙi shi Allah kan ɗora maka. Da tsufana, ni Hure, sai ga ni tsugune gindin rumbu da lomar tuwo a hannu, ina lallashin ɗan kwikwiyo kamar mai lallashin amarya ta ci abinci.

Ƙanwata Ramlatu ce ta ja min. Mijinta Basiru ya rasu ana tsakiyar girbin gero, ciwon ciki na 'yan kwanaki, kafin a gama shawarar kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Dangi suka ce in zauna in taya ta zaman takaba, tunda ni nawa mijin ya daɗe da kwanta dama, 'ya'yana kuma duk sun yi gidajensu. Ban yi musu ba. Na zauna a ƙauyensu, can gefen Bagwai.

Shi kwikwiyon, Basiru ne ya tsinto shi a bakin hanya yana dawowa daga Dawanau, ya sako shi cikin buhun da ya juye wake. Ja ne mai farin ƙirji, kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Su biyun Allah bai ba su haihuwa ba duk tsawon zamansu, shi kuma Basiru mutum ne mai barkwanci, sai ya raɗa masa suna Ɗan'auta. Ranar da na fara jin sunan na ce, "A'uzubillahi! Auta ba na fari? Kuma kare?" Ramlatu ta ce ai shi ma maigidan nata cewa ya yi, tunda na farkon sun ƙi zuwa, bari a fara daga ƙarshe.

Ranar rasuwar ina nan, da idona na gani. Ɗan'auta na kwance a bakin ƙofar ɗakin da gawar take, ya ƙi motsawa. Maza suka rafka sallama suka shigo za su yi wanka. Ɗaya daga cikinsu ya sa ƙafa ya yi ƙwallo da shi, sai da ya bugu da garu. Ban ga laifin mutumin ba, wa zai bar kare kusa da gawa? Can an jima waɗannan mazan dai suka fito da makara a kafaɗa. Kwikwiyon ya taso yana ɗingishi ya bi su har zaure, wani ya ɗauki hoge ya jefe shi ya koro shi ciki.

Daga ranar shi ke nan. Mata su cika gidan nan, ya yi ta yawo tsakanin ƙafafunsu ba ruwansa. Amma namiji ya yi sallama a zaure, ko da mai tallan manja ne, sai ka ga Ɗan'auta ya saki fitsari a inda yake tsaye, ya ja ciki ya shige ƙarƙashin rumbu. Nan zai wuni yana rawar jiki. Ko haushi ba ya yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, balle wannan da aka harbe shi kuma aka ɗauke masa mai shi rana ɗaya.

Da farko ban damu ba. Abin da ya dame ni Ramlatu ce, wadda ba ta ci, ba ta magana, ta rame har wuyanta ya fito. Sai na lura duk wuni in ta buɗe baki da kalma mai daɗi, to da karen nan take. Za ta zauna bakin ƙofa ta gutsuro tuwo ta miƙa masa, in ya ci sai ita ma ta kai loma ɗaya bakinta. Na ce a raina, to, in dai ta wannan hanyar abinci zai shiga cikinta, kare ya ci arziki.

Ana cikin haka Naziru ya zo, ƙanin marigayi. Tunda babu ɗa, gidan wajensu zai koma, shi ne kuma zai tare a ciki in Ramlatu ta fita takaba. Ita kuwa gidan yayanmu Malam Khalilu za ta koma a Makoda. Naziru ya tsaya tsakar gida yana duba inda garu ya tsage, sai idonsa ya kai kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da jelar da ta leƙo daga ƙarƙashin rumbu.

"Yaya Hure, wannan abin fa? Da shi za ku tafi ko?"

Na ce, "Mu tafi da shi ina? Gidan Malam? Gidan da ake karatu safe da yamma?"

"To ni dai ba zan ciyar da karen da ke fitsari in ya ga namiji ba. Ɓarawo mace ce? Ranar da kuka tashi, buhu zan sa shi in kai shi can bayan dam in yar."

Ba da mugunta ya faɗa ba, yadda ake maganar tsohuwar tukunya ya faɗa. Amma Ramlatu na ɗaki tana ji. Da ya tafi na shiga na same ta ta haɗa kai da gwiwa.

Ta ce, "Yaya, in aka yar da shi mutuwa zai yi. Ko abinci bai iya nema ba. Yara za su jefe shi."

"To me kike so in yi? In goya shi?"

"Ki roƙar min Yaya Malam."

Na roƙa, don kar a ce ban yi ba. Na ari waya na kira shi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Hure, ɗakin Ramlatu na nan an share, ta zo ta zauna har iyakar ranta. Amma kare ba zai kwana min a gida ba." Na san yayana. In ya ce a'a a hankali, to ta fi ta mai tsawa ƙarfi.

Wata maƙwabciya ce ta kawo mana maganar yayanta, Sabo, mai lambun albasa da tumatir a bakin dam. Tsohon karensa ya mutu, awaki da birai sun addabe shi, yana neman wani. Na aika aka kira shi. Ya zo da hantsi, dogon mutum baƙi mai furfura a gemu, ƙafafunsa duk busasshen taɓo. Ya tsaya a zaure ya yi sallama da muryar nan tasa kamar ganga. Ɗan'auta na cikin lasar kwano, kafin in amsa har ya shige maɓoyarsa.

Na fita zaure na ce, "To ka gani, Malam Sabo. Hajar ke nan, ban ɓoye maka aibinta ba. In kana so in jawo maka shi ka ɗaura igiya."

Ya girgiza kai. "Inna, kare ba akuya ba ne. In na ja shi da igiya yana tsorona, ko ya shaƙe kansa, ko ya tsinke ya dawo nan. In ya dawo kuwa kin san abin da zai tarar. Sai dai in ya bi ni da ƙafarsa."

"Ya bi ka? Wannan? Ai sai ka jira har jaki ya yi ƙaho."

Ya yi murmushi ya ce zai riƙa biyowa in ya taso daga lambu. Na ce to Allah ya taimaka, sunanka Sabo, sai ka nemi sabo.

Washegari ina tankaɗe sai na ji gyaran murya a zaure. Na ci gaba da aikina. Aka sake. Na leƙa, sai ga Sabo zaune a ƙasa ya jingina da bango. Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai kuwa lafiya? Gidan Musulmi ne fa nan, gidan makoki ma. Bakinka ciwo yake da ba za ka yi sallama ba?"

Ya ce, "Na yi, Inna. A hankali na yi, Allah ya ji. Jiya na lura bai ma gan ni ba ya gudu. Sallamar ce ke korarsa."

Duba min nan, kalmar aminci, wadda ake buɗe kowace ƙofa da ita, ita ce ta zame wa wannan ɗan tahalikin kalmar tashin hankali. Tausayinsa ya kama ni ranar, ban kuma ji daɗin kamun ba.

Haka muka shiga yi. Ramlatu na takaba, ba ta zuwa zaure, ba ta zama da baƙon namiji, don haka aikin a kaina ya faɗo. Sabo zai zo ya zauna ya ba ƙofar cikin gida gefensa, ba ya kallon karen ko kaɗan. Ya ciro busasshen kifi daga aljihu, ya ɓantara ya jefo ba tare da ya juyo ba. Ni kuma in tsuguna gindin rumbu da gwiwoyin nan nawa masu ciwo, ina "Zo mana, zo, ɗan banza, ba cinye ka za a yi ba." In na gama in je in wanke hannu har gwiwar hannu ina mita. Ramlatu na bayan labule tana leƙe, in na ɗaga murya sai in ji ta ce, "Yaya, a hankali mana."

Kwanaki ya yi bai fito ba sai Sabo ya tafi. Daga baya ya fara fitowa ya wawuri kifin ya koma da gudu. Sannan ya fara ci a inda ya faɗi. Sabo ya riƙa rage nisan jifa kaɗan-kaɗan. In karen ya ja da baya, shi ma sai ya mayar da jifar nesa, ba ya gaggawa. Wani lokacin ma ba ya jefa komai, sai ya zauna yana gyaran igiyar guga yana ƙananan waƙoƙi a maƙogwaro. Na taɓa ce masa, "Kai ba ka da aikin yi ne?" Ya ce albasa ma ba ta girma don an tsaya a kanta.

Har muka kai ranar da Ɗan'auta ya sa ƙafafunsa na gaba a dokin ƙofar zaure, wuyansa a miƙe, jikinsa na ɓari, ya ɗauki kifi tazarar taku kaɗan daga gwiwar Sabo. Na juya na ga Ramlatu ta ɗaga labule tana murmushi. Rabon da in ga haƙoranta tun kafin rasuwar.

Ana saura 'yan kwanaki ta fita, Naziru ya zo da magina biyu su duba garu. Ba su san komai ba, bayin Allah. Suka haɗa baki suka rafka sallama, suka shigo da ƙarfinsu, ɗaya na jan shebur a ƙasa. Karen na tsakiyar zaure a lokacin, Sabo na gefe. Ya rasa ta inda zai bi, ya faɗa tsakanin ƙafafunsu, ɗaya ya yi tsalle yana salati ya kai masa shebur. Bai same shi ba, amma an gama.

Ya koma ƙarƙashin rumbu, kuma wannan karon ko ni bai yarda da ni ba. Sabo ya zo washegari, ya zo wanshekare, kifi ya bushe a ƙasa kaji suka tsince. Na zage Naziru tas a bayan idonsa, na zagi magina, na zagi shebur. Sabo dai ya ce, "Zai dawo, Inna, amma sai an sake daga farko. Lokacin ne ba mu da shi."

Da azahar ɗin wata rana na duba ƙarƙashin rumbu ban gan shi ba. Na duba bayan ɗaki, na duba turken awaki. Na ɗaga labulen Ramlatu in tambaye ta, sai na tsaya cak. Tana zaune a kan tabarma da wata tsohuwar 'yar shara a cinyarta, ta tusa fuskarta a cikin wuyan rigar. Karen na kwance a gefenta ya cusa hancinsa a ƙasan rigar, idonsa a lumshe, ko rawar jikin babu. Kare a cikin ɗaki, kan tabarmar da ake zama! Amma ban yi faɗa ba.

Na san rigar. Ta gonar Basiru ce, shuɗiya da ta koɗe, da faci a kafaɗa wanda Ramlatu ta yi da farin zare don ba ta da shuɗi. Sauran kayansa tuni aka wanke aka ƙulle ana jiran rabon gado. Wannan tana rataye a ƙusa bayan ƙofa tun ranar da ya dawo daga gona ya kwanta, ita kuma ta ɓoye ta ba ta bari an wanke ba.

Ta ɗago ta gan ni, ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Har yanzu akwai warinsa, Yaya. Zufarsa da hayaƙin kara. Kaɗan ya rage."

Na zauna a bakin gado. Mutane na cewa ba mutuwa ake yi wa kuka ba, sabo ake yi wa. Na daɗe ina jin maganar, ranar na gan ta a zaune, mutum da dabba. Ni kuwa bakina ba ya iya riƙe abu, ko da ya kamata ya riƙe.

Na ce, "Ramlatu, da Sabo zai sa rigar nan..."

"A'a."

"Ki tsaya ki ji."

"Na ce a'a! Gidan za su karɓa, gonar za su raba, ko ɗa ban da shi da zan kalla in ga kamarsa. Wannan tsumman kaɗai na riƙe, shi ma sai kin ba wani ƙato ya sa ya jiƙa da tasa zufar?" Ta ƙanƙame rigar. Tunda aka haife ta ba ta taɓa ɗaga min murya ba sai ranar.

Na ce, "Shi ke nan, Allah ya ba ki haƙuri." Na tashi na fita. Na je bayan ɗaki na yi kukana, don gaskiya ta faɗa, ni ma kuma gaskiya na faɗa.

Ba mu sake tayar da maganar ba. Ranar fita ta zo, aka yi wanka, aka yi gumba da waina aka raba sadaka, mata suka cika gida suna yi mata barka. Ta sa sabon zane, aka sa mata kwalli, ta zauna tana amsa gaisuwa kamar baƙuwa. Da la'asar Naziru ya shigo ya ce motar kaya za ta zo gobe da hantsi. Da zai fita na ga ya ajiye wani tsohon buhun taki a zaure, ya ɗora dutse a kai. Ita ma ta gani.

Da safe muna ɗaure kwanuka, sai ta shiga ɗaki ta fito da rigar a ninke. Ta miƙo min ba ta kalle ni ba.

"Ki fara tambayar Naziru. Kayan gado ne, kar in ɗauki haƙƙin wani."

Na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce wannan tsumman ko kyauta wa zai karɓa, a yi yadda aka ga dama da shi.

Sabo ya zo ya yi gyaran muryarsa. Na kai masa rigar na gaya masa ta wace ce da abin da muke nufi. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallon facin nan. Ya yi wa mai ita addu'a, sannan ya tuɓe tasa ya zura ta. Tsayinsu ɗaya da marigayi, ban taɓa lura ba sai lokacin. Ya shigo tsakar gida a hankali ya tsuguna nesa kaɗan da rumbu, ya ba shi gefe, ya sunkuyar da kai.

Mun daɗe. Direba na waje yana ɗora gado da katifa. Can sai hanci ya leƙo. Ya shaƙi iska, ya koma, ya sake leƙowa. Sai ga shi ya fito gaba ɗaya yana jan ciki, yana wani irin kuka siriri da ban taɓa jin ya yi ba. Ya isa ga gefen rigar ya shinshina, sai jelar ta fara kaɗawa, har ƙugunsa na juyawa. Ya dafa cinyar Sabo ya ɗaga kai ya kalli fuskar. Ya tsaya. Ya ja da baya taku ɗaya, kunnen nan mai tsayi ya kwanta. Na ce a raina shi ke nan, ya gane. Sabo bai motsa ba, ko numfashi mai ƙarfi bai yi ba. Karen ya kalli fuskar, ya kalli rigar, sannan ya matso ya tusa kansa a hammatar rigar ya yi lamo.

Sabo ya bar shi ya huta a nan, ya sa yatsa yana sosa masa bayan kunne. Sannan ya miƙe a hankali ya nufi zaure. Ɗan'auta ya bi shi, hancinsa na taɓa gefen rigar. A bakin zaure ya juyo ya kalli Ramlatu. Tana tsaye a ƙofar ɗakinta da tsintsiya a hannu. Na ga leɓenta na motsi za ta kira shi, ta cije. Da bai ji an kira shi ba, sai ya juya ya bi rigar.

Ta ajiye tsintsiyar ta biyo su har ƙofar zaure ta ciki, ni ina bayanta. Daga nan bayan mutumin kawai ake gani, dogo, cikin shuɗiyar 'yar shara mai farin faci a kafaɗa, da ɗan kare a gefen ƙafarsa, hasken safiya a gabansu. Sabo bai juyo ba, don kunya. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofar waje ya ce, "To, ni zan wuce gona."

"A dawo lafiya," in ji Ramlatu.

Bakinta ne ya faɗa, ba ita ba, da muryar da ta saba faɗa kowace safiya. Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta ce, ta sa hannu biyu ta toshe bakin. Sabo ya yi tsaye kamar an dasa shi. Na san yana neman abin da zai ce ne, kuma maganar nan amsa ɗaya gare ta.

Ya ce, "Allah ya sa." Suka fita.

Na riƙe ta kafin ta kai ƙasa. Direba na ta danna ham a waje, na ce masa ya jira.